Jarrabawar GRE: yadda ake ɗaga makin lissafi idan ya faɗi ƙasa

Daga watan Satumba zuwa Disamba, ɗaliban da suka kammala lisansi ko masta a jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tahoua kan dukufa wajen haɗa takardun neman gurbin karatu a ƙasashen waje. Wanda ya nufi Faransa ba kasafai ake tambayarsa GRE ba. Amma wanda ya nufi jami'ar da ke koyarwa da Ingilishi, musamman a Amurka, ko wata babbar makarantar kasuwanci ta Turai irin HEC da INSEAD, yakan tarar da ita a cikin sharuɗɗa, ita ko takwararta GMAT.

Ɓangaren lissafi na wannan jarrabawa yana kayar da mutane da yawa, har da waɗanda suka ci bak a seri C ko D. Kuma faɗuwar tana da tsada: a shekarar 2024 kuɗin rajista dalar Amurka 220 ne, wato ya haura jika 120 na sefa, kuma duk wanda zai sake zama sai ya sake biya. Saboda haka, kafin ɗalibi ya koma, ya kamata ya san takamaimai abin da ya kayar da shi. Mutum biyu za su iya samun maki 148 iri ɗaya alhali ciwonsu ya bambanta.

Yadda jarrabawar take

Hukumar ETS da ke Princeton, a jihar New Jersey ta Amurka, ita ke shirya GRE. Tun ranar 22 ga Satumba 2023 aka gajarta ta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Tana da rubutun insha'i ɗaya na minti 30, da sassa biyu na fahimtar harshe, da sassa biyu na lissafi. Sashen lissafi na farko tambaya 12 ne cikin minti 21, na biyu tambaya 15 cikin minti 26. Jimilla tambaya 27 cikin minti 47, kusan minti 1 da daƙiƙa 45 ga kowace tambaya. Makin lissafi yana farawa daga 130 ya tsaya a 170.

Sashe na biyu ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Kwamfuta tana duba yadda mutum ya yi a sashen farko, sannan ta zaɓa masa na biyu, mai sauƙi ko matsakaici ko mai wuya. Wanda ya faɗa wa mai sauƙi ba sa'a ya yi ba, domin ko ya amsa duka daidai, akwai iyakar da makinsa ba zai wuce ba. Tambayoyi 12 na farko ke nan suke buɗe ƙofar babban maki ko su rufe ta.

Ba a rage maki don an ba da amsar da ba daidai ba. A cikin sashe ɗaya kuma ana iya tsallake tambaya, a sa mata alama, a dawo mata. Barin tambaya ba amsa asara ce tsagwaronta.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne matakin lissafin. Babu « dérivée », babu « intégrale », babu « trigonométrie », kuma ba a neman a rubuta hujja. Fage huɗu ne: lissafin lambobi, aljabara, lissafin siffofi, da nazarin alƙaluma da jadawali. Mafi yawansu abin da aka koya ne daga ajin 6e zuwa ajin farko na lise: kaso cikin ɗari, gutsuren lamba irin su rabi da sulusi, PGCD da PPCM, ƙa'idar Pythagore, faɗin fili da na da'ira. Abin da ya ɗan haura haka shi ne ƙidayar hanyoyin zaɓi, lissafin yiwuwar aukuwar abu, da « écart-type ». Wahalar tana cikin yadda ake murɗa tambaya, da ƙarancin lokaci, da harshen da aka yi tambayar da shi.

Tarkon da ke jiran wanda ya yi karatu da Faransanci

Nan ne ɗalibin Nijar yake zubar da maki mafi arha, kuma littattafan shirin jarrabawar, da aka rubuta don ƴan Amurka da Indiya da Sin, ba sa tsayawa a kai.

Na farko waƙafi da ɗigo. A makarantun Nijar 1,250 na nufin ɗaya da kwata. A GRE kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, ɗaya da kwata kuma ana rubuta shi 1.25. Kowa ya san wannan idan yana zaune cikin natsuwa. Amma idan saura minti uku, ga jadawali cike da alƙaluma, ido yakan koma ga abin da ya saba da shi shekara goma sha biyar. Haka kalmar "billion": a Ingilishi ita ce miliyar ɗinmu, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira biliyan, alhali « billion » na Faransanci miliyar dubu ne.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, domin ba kuskuren fassara ba ne, bambancin al'adar lissafi ne. A tsarin Faransa, sifiri yana cikin lambobin da ake kira « positif », kuma « inférieur à 5 » ya haɗa da 5 ɗin kanta, sai an ƙara « strictement » ake cire ta. A GRE ba haka ba ne. "Positive" na nufin abin da ya haura sifiri kawai, sifiri ba ya sama ba ya ƙasa, kuma "less than 5" bai haɗa da 5 ba. Idan aka tambayi adadin cikakkun lambobin da suke "positive" kuma "less than 5", amsar 4 ce: 1, 2, 3, 4. Wanda ya karanta da idon Faransanci zai ƙirga daga 0 zuwa 5 ya sami 6. Bai yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba, amma makin ya tafi. Abin da Faransanci ke kira « positif » a Ingilishi "nonnegative" ne.

Akwai wasu kalmomin da suke rikita mutum. "Integer" ita ce « entier relatif », ta haɗa da sifiri da lambobin ƙasa da shi, don haka wanda ya gwada 1, 2, 3 kawai ya manta rabin filin. "Factor" sau da yawa « diviseur » ake nufi. "Reciprocal" ita ce « inverse ». "Digit" ita ce « chiffre ». "Range" ita ce « étendue », tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙarama. "At least" da "at most" su ne « au moins » da « au plus », kuma saurin karatu yakan sa a musanya su. Tsakanin "increased by 30" da "increased to 30" harafi biyu ne, amma na farko ƙari ne aka yi da 30, na biyu kuma 30 aka kai.

Duk waɗannan ba su wuce shafi uku na kaye ba. ETS tana da ƴar takarda kyauta a shafinta na intanet mai suna Math Conventions, wadda ta jera ƙa'idojin da take bi. Ɗalibin da ya zauna da ita kwana biyu, yana rubuta kowace kalma da takwararta ta Faransanci da misali guda, ya toshe ramin da wata uku na warware tambayoyi ba za su toshe ba. A ciki ne zai ga cewa 1 ba ta cikin « nombres premiers », cewa sifiri « pair » ne, da cewa idan tambaya ta zo da ma'aunin Amurka irin mil ko galan kuma ana bukatar juyawa, za a ba da ƙa'idar juyawar, sai dai abubuwan da aka ɗauka kowa ya sani, kamar minti 60 a awa da santi 100 a dala.

A cikinta kuma akwai gargaɗi kan zane. Ba lalle ba ne a zana siffa daidai da ma'auninta. Alwatika na iya yin kama da mai kusurwa 90, amma in ba a sa alama ko an faɗa ba, ba a ɗauka haka. Jadawalin alƙaluma da layukan x da y su ne ake zanawa daidai, su ana iya kimantawa da ido.

Gano ciwon kafin neman magani

Wanda ya riga ya zana jarrabawar yana da abin dubawa. Bayan fitowar sakamako, ETS tana buɗe masa wani shafi kyauta a cikin asusunsa, na ɗan lokaci, wanda ke nuna kowace tambaya: fagenta, matakin wahalarta, ko ya ci ko bai ci ba, da lokacin da ya ɓata a kanta. Ba a nuna tambayar kanta, amma abin da aka nuna ya isa. Wanda bai taɓa zanawa ba sai ya yi gwajin POWERPREP na kyauta, a zama ɗaya, da agogo, ba tare da ya tashi ɗaukar waya ba.

Daga nan kurakurai kan rabu. Akwai tambayar da mutum bai san ƙa'idarta ba sam, ko ya manta. Akwai wadda ya san lissafinta amma bai fahimci abin da aka tambaya ba. Akwai wadda ya fahimta, ya kama hanya, ya yi tuntuɓe a tarawa ko alama. Akwai kuma wadda lokaci bai kai shi gare ta ba. Wanda ya yi seri A, ya karanta shari'a ko ilimin zamantakewa, rabonsa da aljabara shekara biyar ko shida, galibi nau'in farko ne ke damunsa. Injiniya da ɗan seri C kuwa, na biyu da na huɗu.

Ga na farko babu gajeriyar hanya, sai komawa tushe. ETS tana da wani littafi kyauta, Math Review, wanda ya bi fagagen huɗu da atisaye. Amma wanda lissafi ya daɗe da kuɓuce masa zai fi saurin kamawa idan ya fara tuno abin da harshen da ya koye shi. Tsofaffin littattafan CIAM na ajin 4e da 3e da seconde, waɗanda ake samu wajen masu baza littattafai a ƙasa, sun wadatar, haka ma darussan Khan Academy da ke da Faransanci. Idan ƙa'idar ta zauna, sai a koma Ingilishi nan take, a yi tambayoyin wannan babin da shi. Kada a bari sai an gama duka littafin, domin jarrabawar ba da Faransanci za ta zo ba.

A fara da lambobi, kaso cikin ɗari da « rapport », saboda suna shiga ko'ina, har cikin tambayoyin jadawali. Misali: buhun hatsi yana jika 25, ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari. Da yawa za su ce ya koma jika 25. Ya tashi zuwa jika 30, kashi 20 na 30 kuwa 6 ne, sai ya sauka a jika 24. Haka matsakaicin gudu. A ɗauka tsakanin Maradi da Damagaram kilomita 240 ne, mota ta je da gudun 80 a awa, ta dawo da 60. Matsakaicin ba 70 ba ne. Zuwa awa 3, dawowa awa 4, kilomita 480 a raba da awa 7, ya ba da kusan 68.6. Amsar 70 tana nan cikin zaɓin da za a ba shi, an ajiye ta ne don mai gaggawa.

Tambayar kwatanta adadi biyu

Wannan nau'i babu irinsa a BEPC ko bak, kuma yana da kaso mai tsoka a jarrabawar. Ana ba da adadi A da adadi B, a nemi ɗayan amsoshi huɗu da ba sa canzawa: A ya fi, B ya fi, daidai suke, ko bayanin da aka bayar bai isa a yanke hukunci ba. Ba a neman a fitar da ƙimar komai, kwatanci kawai ake so.

A ce x ya haura sifiri. A shi ne x, B shi ne x sau x. Mutum ya gwada 2 ya ga 4 ta fi 2, ya gwada 10 ya ga 100 ta fi 10, sai ya zaɓi B. Da ya gwada rabi, da ya ga rabi sau rabi kwata ne, A ya fi. Da ya gwada 1, da ya ga daidai suke. Amsar ita ce ta huɗu. Dabarar ita ce, bayan gwajin farko ya ba da amsa, a nemi lambar da za ta ƙaryata ta: sifiri, 1, lambar ƙasa da sifiri, gutsure tsakanin 0 da 1, da wata babbar lamba, gwargwadon abin da sharaɗin ya yarda. Idan kuwa adadin biyu lambobi ne zalla, babu harafi a ciki, amsa ta huɗu ba za ta taɓa zama daidai ba, ko da lissafin ya gagari mutum.

Sauran nau'o'in su ne zaɓin amsa ɗaya cikin biyar, zaɓin duk amsoshin da suka dace, da rubuta lamba a akwati. Na biyun yana da akwatunan zaɓi masu kusurwa huɗu maimakon masu siffar ƙwai, kuma ba a ba da rabin maki: wanda ya zaɓi biyu cikin uku da suka dace bai sami komai ba.

Lokaci, da al'adar rubuta hujja

Makarantar da aka gada daga Faransa tana horar da yaro ya nuna hanyarsa layi bayan layi, malami ya ba shi maki a kan hanyar ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce. Horo ne mai kyau, shi ya sa ɗaliban wannan tsari suke da ƙarfi idan sun isa aji. A GRE dai kaya ne mai nauyi. Babu wanda zai ga takardar da aka yi lissafi a kanta, kuma ɗan seri C da ya tsaya kafa « équation » mai tsabta ga kowace tambaya zai ga agogo ya cinye shi da sauran tambaya huɗu.

Amsar tana cikin zaɓin da ke gaban mutum, ana iya gwada su. Idan aka ce uba ya girmi ɗansa da shekara 24, kuma nan da shekara 6 shekarun uban za su zama ninki biyu na ɗan, mai shakkar aljabararsa sai ya ɗauki zaɓin tsakiya ya saka. In ya gwada 18, uban 42 ne, nan da shekara 6 kuma 24 da 48, ya dace. In bai dace ba, aƙalla ya san ko sama zai nufa ko ƙasa. Idan tambaya cike take da haruffa, a maye su da ƙananan lambobi. Idan kaso cikin ɗari ne ba a faɗi adadin farko ba, a ɗauki 100.

Akwai na'urar lissafi a kan allon kwamfutar, mai tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da « racine carrée ». Ba a shiga da tawa ko taka. Amfani da ita yana da jinkiri, kuma wanda ke buɗe ta don 15 sau 12 yana sayar da daƙiƙoƙin da zai nema daga baya. Gara a haddace ninkin lamba da kanta har zuwa 20, da cewa ɗaya cikin takwas kashi 12.5 ne, da alwatika mai gefuna 3, 4, 5, wadda magina ke amfani da ita wajen daidaita kusurwar harsashi, da ƴar uwarta 5, 12, 13.

Duk tambayoyin sashe ɗaya darajarsu ɗaya. Tambayar da ta ci minti biyu ba a ga hanya ba, a zaɓi wata amsa, a sa mata alama, a wuce. Wannan yana yi wa masu ƙarfin lissafi ɗaci fiye da kowa, domin ba su saba barin tambaya ta gagare su ba.

Yaushe za a koma

Dokar ETS ta yarda a sake zama bayan kwana 21, har sau 5 cikin wata 12. Wanda matsalarsa kalmomi ne da lokaci, mako huɗu zuwa shida na iya isarsa. Wanda zai sake gina tushe ya ba kansa wata biyu ko uku, awa ɗaya ko biyu kullum, wanda ya fi a tara awa goma ranar Lahadi. Abin da ya fi yawan tambayoyi amfani shi ne kaye na kurakurai: duk tambayar da aka faɗi, a rubuta ta, a rubuta dalilin faɗuwar cikin jimla ɗaya, a sake yin ta bayan mako ba tare da duba amsa ba. A fifita tambayoyin ETS a kan na wasu kamfanoni, saboda salon murɗa tambayarta ne za a tarar. Gwaje-gwajenta na kyauta kaɗan ne, kada a ƙone su a makon farko. Alamar cewa lokacin biyan kuɗi ya yi ita ce a sami makin da ake nema a gwaji mai agogo, ba sau ɗaya ba.

Makin da ake nema kuwa ya danganta da fanni. Sashen tattalin arziki, injiniyanci ko ƙididdiga yana duba makin lissafi da farko, kuma masu neman gurbi a can da yawa suna zuwa da abin da ya haura 160. Sashen tarihi ko ilimin harsuna ba zai tsaya a kansa haka ba. Tun 2020 kuma jami'o'i da dama sun cire GRE daga sharuɗɗa ko sun mai da ita ganin dama, don haka a karanta shafin kowane sashe kafin a kashe ko sisi. Wanda makarantar kasuwanci ya nufa yana iya kwatanta ta da GMAT, wadda sabon tsarinta na ƙarshen 2023 ke da tambayar lissafi 21 cikin minti 45, babu lissafin siffofi, amma kuma babu na'urar lissafi a wannan sashen.

Tun 2020 akwai damar zana GRE a gida, ƙarƙashin mai sa ido ta kyamara. Tana bukatar kwamfuta, ɗakin da babu kowa, intanet da wutar da ba za su yanke ba na awa biyu, kuma ba a yarda da takarda ba, sai ƙaramin farin allo da ake gogewa. Wanda zai bi wannan hanya a watannin zafi, lokacin da ɗauke wuta ya fi yawa, ya tanadi batir da layin intanet na biyu, ya kuma yi atisaye a kan allon tun da wuri. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na fasfo.

Sakamako na hukuma yana fitowa kwana 8 zuwa 10 bayan zama, kuma yana aiki shekara 5. Wannan yana da muhimmanci yanzu da samun bizar Amurka ya yi wa ƴan Nijar wuya tun 2025: makin da aka samu bana ba ya lalacewa baɗi, kuma akwai jami'o'in Kanada da Turai da Asiya da ke karɓarsa. Tsarin ScoreSelect yana ba mutum damar zaɓar zaman da zai aika, tsohon maki mara kyau ba ya bin sa sai in jami'ar ta nemi a aiko duka. Zama ɗaya ake aikawa gaba ɗayansa, ba a ɗauko lissafin wannan a haɗa da harshen wancan. Tunda yawancin jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, zaman farko ya kamata ya faɗo a Agusta ko Satumba, don a bar wurin na biyu kafin ƙarshen Nuwamba.